Kafin Yara Su Iso: Yadda Za Ka Shirya Jagorancin Matasa a Gasar Buɗaɗɗiyar Manhaja

A watan Janairun 2017, kwana ɗaya bayan an rufe karɓar ayyuka a Google Code-in, gasar da kamfanin Google ya riƙa shirya wa matasa a kan buɗaɗɗiyar manhaja, gwamnatin Kamaru ta katse intanet a yankunan ƙasar da ke amfani da Turancin Ingilishi. A Bamenda, ɗaya daga cikin garuruwan da abin ya shafa, akwai wani ɗan sakandare mai shekara 17, Nji Collins Gbah, wanda ya shafe makonnin gasar yana aiki a kan OpenMRS, manhajar ajiye bayanan marasa lafiya da asibitoci ke amfani da ita a ƙasashe da dama, har da Najeriya. Da sakamako ya fito, shi ne ɗan Afirka na farko da ya ci babbar kyautar gasar. Sai da ya tafi Yawunde kafin ya sake samun intanet.

Duk wanda ya ji labarin, yaron yake yaba wa, kuma ya cancanci yabon. Amma ni duk sa'ad da na tuna shi, hankalina yakan tafi kan wasu mutane da ba a cika ambata ba, wato waɗanda suka zauna makonni kafin a buɗe gasar suka yayyanka aiki ƙanana-ƙanana daidai ƙarfin yaro, sannan suka riƙa amsa masa tambaya dare da rana. Su ne jagorori. Rubutun nan naka ne idan kana shirin zama ɗaya daga cikinsu.

Google ta gudanar da Code-in daga 2010 zuwa zagayen 2019, wanda aka kammala a Janairun 2020, daga nan ta rufe shirin. Gasar ta 'yan shekara 13 zuwa 17 ce, tana ɗaukar kimanin mako bakwai, kuma a shekaru goma matasa sama da 14,000 sun kammala ayyuka sama da 76,000 tare da ƙungiyoyi irin su Wikimedia, KDE, Drupal, Sugar Labs, Apertium, Haiku da OpenMRS. Gasar ta wuce, amma tsarinta har yau shi ne mafi kyawun abin koyi da na sani ga duk wanda zai shirya irinta, ko a makaranta, ko a wata cibiyar fasaha a Kano ko Damagaram, ko a cikin wani aikin manhaja na duniya. Da shi zan riƙa kafa misali.

Mataki na farko: ka fara zama ɗan gida

Buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda kowa zai iya ganin kod ɗinta, wato rubutattun umarnin da aka gina ta da su, ya gyara, ya rarraba, bisa sharuɗɗan lasisinta, kamar GPL ko MIT ko Apache. Kowane irin wannan aiki yana da masu kula da shi, yana da al'adarsa, yana da yadda ake magana a cikinsa. Ba za ka iya yi wa yaro iso gidan da kai ma baƙo ne a cikinsa ba.

Saboda haka wata biyu ko uku kafin gasa, ka zaɓi aiki guda ɗaya ka shiga shi da gaske. Ka karanta lasisinsa, da takardar da ke bayanin yadda ake ba da gudummawa, da ƙa'idojin ɗa'a na mahalarta. Ka tura gyara naka, ko da ƙarami ne, ka ga kwana nawa ake yi kafin a duba, da irin lafazin da ake amsawa da shi. Idan kai babba an yi maka magana mai zafi a kan ƙaramin kuskure, to kada ka kai ɗan shekara 14 wurin.

Sannan ka nemi yardar masu kula da aikin tun da wuri. Ka gaya musu yara nawa kake sa ran za su zo, da wane lokaci, da wanda zai riƙa duba aikinsu kafin ya isa gare su. Abin da ya faru a 2020 a Hacktoberfest, shirin da kamfanin DigitalOcean ya shirya don ƙarfafa tura gyara ga buɗaɗɗun manhajoji, ya isa darasi. An yi alkawarin riga ga duk wanda ya tura gyara huɗu, sai mutane suka yi ta tura gyare-gyaren banza, ƙara kalma ɗaya ko cire waƙafi, har masu kula da ayyuka suka yi ta kuka. Cikin 'yan kwanaki DigitalOcean ta canza doka, ya zama sai aikin da ya amince da kansa ne za a lissafa. Masu kula da irin waɗannan ayyuka yawancinsu 'yan sa-kai ne, bayan sun tashi daga aikin neman abinci suke zama su duba. Kada ka jibga musu yara hamsin ba sallama.

Mataki na biyu: ka yi wa lokacinka lissafin gaskiya

A Code-in an ɗora wa jagorori su duba aikin da yaro ya miƙa cikin awa 36. Dalili shi ne yaro ba ya iya ɗaukar wani aiki sai an sallami wanda ke hannunsa, don haka duk jinkirinka zaman jira ne a gare shi. Ka ɗauki wannan doka ko da gasarku ba ta sa ta ba. Da zafi-zafi akan daki ƙarfe. Yaron da ya tura aikinsa na farko yakan yi ta leƙa waya kowane minti goma, kuma idan kwana huɗu suka wuce shiru, ya tafi ke nan.

Ka zauna da kalanda. Ka duba ranakun da za ka yi tafiya, da lokacin biki ko salla, da makon da aiki ke yi maka yawa a ofis. Ka duba na yaran ma: gasar da ta faɗa cikin jarrabawar WAEC ko NECO ta rasa 'yan ajin ƙarshe tun kafin a fara. Kowane aiki a sa masa jagora biyu, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma wuta ko sabis suna iya yanke maka a ranar da aka fi bukatarka. Idan gasar ta duniya ce, ka tuna Indiya ta riga Najeriya da Nijar da awa huɗu da rabi, don haka tambayar yaro na iya shigowa kafin ka tashi sallar asuba.

Mataki na uku: rubuta ayyukan

A nan gasar take ci ko faɗuwa, kuma a nan ya kamata mafi yawan shirinka ya tafi.

Code-in ta raba ayyuka gida biyar: rubuta kod, rubuta bayanai da darussan koyarwa, bincike da wayar da kai, gwaji da tabbatar da inganci, sai zane da tsara fuskar manhaja. Hikimar wannan rabo ita ce ba kowane yaro ne zai fara da kod ba. Wata yarinyar idonta yana kama kuskure a allo tun kafin ta iya rubuta layi ɗaya na Python, ɗaya daga harsunan rubuta kod. Wani yaron ya iya Hausa da Faransanci, fassara ce ƙofarsa. Idan duk ayyukanka na kod ne, ka rufe ƙofa huɗu ka bar ɗaya.

An tsara kowane aiki ya ɗauki awa uku zuwa biyar, kuma ana ba yaro 'yan kwanaki ya gama shi, saboda yana da makaranta da aikin gida. Ga yadda nake auna nawa: sai na yi aikin da kaina tukuna, da agogo a gabana. Idan ya ɗauke ni minti arba'in, to ya yi daidai da awa huɗu na yaro. Idan ya ɗauke ni awa uku, sai in raba shi gida uku ko huɗu. Kada ka taɓa sa aikin da ba ka san maganinsa ba. Wani lokaci matsalar da ka ɗauka ƙarama ce, da ka tona sai ka tarar saiwarta ta ratsa rabin manhajar.

Bari in nuna bambanci da misali. Ga aikin da aka rubuta da gaggawa: "A gyara matsalar sunaye a fom ɗin rajista." Yaro ya karanta wannan, bai san wace matsala ba, bai san wane fayil ba, bai san yaushe zai ce ya gama ba.

Ga aikin kuma an rubuta shi yadda ya kamata:

"Fom ɗin rajista yana ƙin karɓar sunaye irin su Ɗanladi, Ƙasimu da Sa'adatu. Ka buɗe shafin rajista, ka rubuta ɗaya daga cikinsu, ka ɗauki hoton saƙon da ya fito. Dalilin yana cikin fayil ɗin da ke tantance sunaye, inda aka yarda da haruffan a zuwa z kaɗai. Ka gyara shi ya karɓi ɓ, ɗ, ƙ, ƴ da manyansu, da alamar da ke cikin suna irin Isma'il. Ka ƙara gwaji aƙalla guda biyar, ciki har da suna ɗaya da ya kamata a ƙi, misali wanda ke da lamba a ciki. An gama aiki idan duk gwaje-gwajen sun wuce kuma fom ya karɓi sunayen nan uku. Abin da kake bukata: sanin Python na farko-farko. Idan ka maƙale fiye da awa ɗaya, ka yi tambaya a zauren gasa, wato dandalin hirarmu na intanet."

Ka lura da abin da ke ciki: yadda zai ga matsalar da idonsa, inda zai fara nema, abin da ake nufi da gamawa, da izinin yin tambaya. Ba a ba shi amsar ba. Kuma matsalar ta gaske ce. Fom ɗin da ke karɓar a zuwa z kaɗai zai ƙi sunan marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'adua. Ina matuƙar son irin waɗannan ayyuka ga yaranmu, domin a nan sun fi ƙwararren injiniyan Jamus ko Amurka sanin abin da ya lalace. Sun san ƙasa daban, kasa daban, kuma akwatin bincike da ya kasa bambance su ko ya kasa haɗa su inda ya dace yana da gyara. Sun san a Najeriya ana rubuta 'ya'ya, a Nijar ana rubuta ƴaƴa, kuma manhaja mai kyau ta gane duka biyun. Yaron da ya gano cewa harshen gidansu ilimi ne da manyan masana ke bukata daga gare shi, zamansa a gaban kwamfuta yakan canza.

Ka ware wasu ayyuka na 'yan fari zalla: ɗora manhajar a kwamfuta da turo hoton allo, buɗe asusu da gabatar da kai a zaure, tura gyaran harafi ɗaya don koyon hanya. A Code-in yaro ba ya wuce biyu daga irin waɗannan, don kada ya zauna a bakin ruwa yana ta wasa. Dokar tana da kyau, ka ara. Irin waɗannan ayyukan ka buɗe su ga yara da yawa a lokaci ɗaya, tunda kowa nasa zai yi.

Batun yawa kuma, ka rubuta fiye da abin da kake tsammani za a bukata, ka ɓoye kashi ɗaya cikin uku. Makon farko yara sukan wawashe masu sauƙi, sannan a mako na uku za ka ga wasu biyu ko uku sun yi nisa suna neman abin da ya fi ƙarfi. Ka tanadar musu. Idan aikin yana kan GitHub, shafin intanet da ake ajiye kod ana aiki tare a kansa, ka leƙa matsalolin da aka yi wa alamar good first issue, wato waɗanda suka dace da sabon shiga, a can za ka samu iri, amma kowanne sai ka sake rubuta shi da harshen da yaro zai gane.

Mataki na huɗu: share hanyar shiga

Yawancin yaran da suke ficewa ba kod ne ke korarsu ba, ɗora kayan aiki ne. A wani horo na hutu da muka shirya wa 'yan sakandare, na zo da umarnin da na rubuta da kaina, ina da tabbacin komai daidai yake, tunda a kwamfutata yana aiki. Ashe shekara biyu da suka wuce na ɗora wasu abubuwa na manta da su. Yara goma sha biyu suka zauna suna kallon jan rubutu a allo, janareta yana ta shan mai. Wata yarinya a layin baya ta rufe kwamfutar a hankali ta ce, "Malam, ina ganin ni ce ban iya ba." Laifina ne, ba nata ba, kuma sai da na yi kwana biyu ina lallashi kafin ta sake buɗe ta.

Tun daga ranar ba na yarda da umarnin da ban gwada a wankakkiyar kwamfuta ba. Ka ari ta wani, ko ka buɗe sabon asusu a taka, ka bi umarnin layi-layi kamar ba ka san komai ba. Ka gwada a Windows, domin ita ce a hannun yawancin yaranmu, ko da kai Linux kake amfani da ita. Ka rubuta yawan data da saukar da kayan zai ci, domin gigabait biyu ba ƙaramin kuɗi ba ne ga ɗan makaranta. Idan kuna gari ɗaya, ka zuba komai a filashi a rarraba.

Wasu yaran waya kawai gare su. Kada ka sallame su. Da manhajar Termux ana ɗora Python da Git, kayan aikin da ke adana tarihin gyare-gyaren kod, a wayar Android, kuma fassara, gwajin manhajar waya da gyaran bayanai duk suna yiwuwa ba kwamfuta. Ka sa wa irin waɗannan ayyuka alama a fili.

Git kuwa, ka koyar da abu biyar kaɗai a farko: kwafo ma'ajiyar aikin zuwa asusunka, saukar da ita, buɗe reshe, adana gyara da ɗan bayani, sai tura buƙatar a haɗe shi, abin da ake kira PR. Sauran sai bukatarsu ta taso.

Mataki na biyar: iyaye da amanar yara

Waɗannan 'ya'yan mutane ne, kuma amana ce. Code-in ba ta barin yaro ya ci gaba sai da takardar amincewar iyaye. GitHub ba ya yarda wanda bai kai shekara 13 ba ya buɗe asusu. A Najeriya, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta bukaci yardar iyaye ko mai riƙo kafin a tattara bayanan yaro. Ka rubuta takardar da Hausa mai sauƙi: mene ne gasar, awa nawa za ta ci a mako, da wa yaron zai riƙa magana, kuma babu kuɗin da za a biya. Idan da hali ka je ka gai da iyayen, ko ka kira su. Mahaifin da ya ga fuskarka ya fi sakin jiki da wanda aka miƙa wa takarda kawai, musamman idan 'yarsa ce za ta shiga. Ka yi iya ƙoƙarinka a samu mace cikin jagorori. Inda akwai ta, 'yan mata sun fi zuwa kuma sun fi daɗewa.

Dokar da ba na ɗaga wa kowa ƙafa a kanta ita ce duk magana a zauren da kowa ke gani za a yi ta. Babu saƙon sirri tsakanin jagora da yaro, babu kiran dare, babu neman hoto ko adireshin gida. Idan yaro ya biyo ka ta WhatsApp, ka amsa da ladabi cewa ya kawo tambayar zaure, sauran ma su amfana. Wannan kariya ce gare shi, kuma kariya ce gare ka. A kuma sanar da yara sunan mutum na biyu da za su kai wa ƙara idan wani, ko jagora ne, ya yi musu abin da bai dace ba.

Akwai wani abu da jagorori da yawa ke mantawa. Git yana liƙa suna da imel ɗin mutum a kan kowane gyara, kuma tarihin buɗaɗɗen aiki a bainar jama'a yake, goge shi abu ne mai wuya. Kafin yaro ya adana gyaransa na farko, ka nuna masa yadda zai kunna ɓoye imel a GitHub, ka kuma gaya masa ba dole ne ya sa cikakken sunansa ko sunan makarantarsa ba.

Mataki na shida: ka koyi duba aiki tun kafin a kawo

Yaranmu an tarbiyyantar da su a kan kunya da girmama na gaba. Abu ne mai kyau, amma a nan yakan sa yaro ya maƙale kwana uku bai ce uffan ba, don kada ya dami malam. Ka tambaye shi "Ka gane?" zai ce "E, Malam." Don haka ka canza tambayar: "Nuna min inda ka tsaya," ko "Wane saƙo allon ya fitar?" Kuma duk wanda ya yi tambaya a zaure, ka gode masa a gaban kowa.

Idan aiki ya zo da kuskure, ka fara da abin da ya yi daidai, ka ambace shi takamaimai. Sannan ka kawo gyara biyu ko uku mafi muhimmanci, ba goma sha biyar ba. Misali: "Sannu da ƙoƙari, yanzu ɗ da ƙ suna shiga, kuma gwaje-gwajenki a tsare suke. Gwada min Sa'adatu ki gani. Me kike ganin ya hana shi wucewa?" Ka lura ba a rubuta mata gyaran ba. Hannunka zai yi ta ƙaiƙayi ka karɓi aikin ka gama cikin minti biyar. Ka daure.

Za ka haɗu da aikin da aka kwafo, ko wanda ƙirƙirarriyar basira ta rubuta ɗungurungum. Ku yanke matsaya a kan wannan kafin gasa, ku bi ƙa'idar aikin da kuke yi wa hidima, ku rubuta ta inda kowa zai gani. Ni ma'aunina ɗaya ne: yaro ya bayyana min kowane layi da ya turo, ya kuma gaya min abin da zai faru idan na cire shi. Wanda ya kasa, ba na tozarta shi a zaure. Ni da abokin jagorancina mukan mayar masa da aikin, mu ce ya sake, mu kuma gaya masa dalili. Shi ma batun lasisi a nan ake koyar da shi: kod ɗin da ka tsinta a intanet yana da mai shi, kuma yana da sharuɗɗa.

Mataki na bakwai: alƙalanci da abin da zai biyo baya

A Code-in aiki ɗaya yana kawo takardar shaida, uku suna kawo riga, sannan kowace ƙungiya ta zaɓi gwarzaye biyu daga cikin waɗanda suka fi yawan ayyuka, a kai su hedikwatar Google a Kalifoniya tare da ɗaya daga iyayensu. Yawan ayyuka yana shigar da yaro sahun da za a duba ne kawai, zaɓen kansa a kan inganci yake, da yadda yaron ya yi mu'amala da jama'ar aikin. Ku rubuta naku ma'aunin tun farko, ku karanta wa yara a ranar buɗewa. Ni nakan sa taimakon 'yan'uwa a ciki, domin yaron da ya tsaya ya fitar da wani daga matsala ya yi aikin da lissafin ayyuka ba ya nunawa.

Ka buɗe fayil ɗaya da sauran jagorori kaɗai ke gani, ku riƙa rubuta layi ɗaya ko biyu a kan kowane aiki da kuka sallama. Bayan mako bakwai ba wanda zai tuna abin da aka yi a mako na biyu, kuma idan babu wannan fayil, za ku zaɓi wanda ya fi surutu ne a zaure. Idan ɗan gidanku ko ɗalibinka yana cikin masu takara, ka janye daga zaɓensa.

Kafin ranar rufewa, ka ajiye ayyuka uku ko huɗu masu ɗan nauyi waɗanda ba na gasa ba, ka nemi ɗaya daga masu kula da aikin ya yarda zai duba su. Washegarin sanar da sakamako ka tura su zaure, har da sunan wanda za a tuntuɓa. Waɗanda suka kusa shekara 18 ka gaya musu akwai shirye-shiryen horo a kan buɗaɗɗiyar manhaja irin su Google Summer of Code da Outreachy, dukansu na manya ne kuma ana biyan alawus, kuma daga cikin abubuwan da ake dubawa akwai gyare-gyaren da mutum ya riga ya tura. Wanda ya fi haƙuri da tambayoyin 'yan'uwansa kuwa, ka rubuta sunansa a fayil ɗin jagororin baɗi.